Gyaran da Bai Cika Kwano Ba

Ni mai awon wake ne a Kasuwar Sabon Gari. A Fagge aka haife ni, a nan nake zaune har yau. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, sai na allo da na ɗan taɓa. Tun ina ƙarami mutanen gidanmu suka san ni da yawan damuwa. Ina iya kulle rumfa in kai har bakin titi, in dawo in ja kwaɗon don in tabbatar. Alwala ma nakan sake ta idan na yi shakkar ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Matata ta gaji da yi min magana, yanzu sai dai ta bi ni da ido. Duk da wannan bin diddigin nawa, abin da ya kamata in duba tun farko ban taɓa duba shi ba.

A hannun Baffa na koyi sana'a, ƙanin mahaifina. Ranar farko da ya bar ni na yi awo, wata mata ce ta sayi kwano biyu. Na cika ya yi tsororuwa, na juye mata a buhu, na karɓi kuɗi, na koma na zauna ina jin na iya. Matar ta tsaya ba ta tafi ba, bakin buhunta a buɗe. Baffa ya taso ya zura hannu cikin waken, ya ɗebo cike da tafi ya zuba mata, ya sake ɗebo wani ya zuba. Sannan ta ƙulle buhu ta ɗora a ka.

Ya ce da ni, "Ka ga abin da take jira? Gyara. Ciniki bai ƙare ba sai an yi shi."

Duk wanda ya tashi a kasuwa ya san gyara. Ba ragi ba ne, don ragi da baki ake yin sa kafin a biya, shi kuwa gyara da hannu ake yin sa bayan kuɗi ya shiga aljihu. Ba sadaka ba ne, don na ga Alhazai masu manyan motoci sun tsaya suna jiran sa. Ba a auna shi, ba a sa masa farashi. Mahauci zai ɗora maka ɗan kitse, mai tumatir ya jefa attaruhu biyu, mai ƙosai ta ƙara ɗaya a kan na kuɗinka. Maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo su ma suna yi, sai dai su "jara" suke cewa. Mai saye yana iya cewa ya yi kaɗan, amma cikin wasa, domin kowa ya san ba haƙƙinsa ba ne. Kyauta ce ta jin daɗi, don gobe ma a dawo.

Abin da ya bambanta rumfar Baffa da sauran shi ne, kowa a layinmu sau ɗaya yake gyara, a ƙarshen ciniki. Baffa kuwa kowane kwano da tafinsa. Ka sayi biyar, tafi biyar. Mata suna tsallake rumfuna da yawa su zo wajensa saboda haka, suna tafiya suna sa masa albarka. Ni kuma ina alfahari da shi.

Da tsufa ya kama shi, ƙafafunsa suka daina kai shi kasuwa, sai ya kira ni gida ya miƙa min kwanon awonsa. Tsohon kwano ne na ƙarfe, koren fentinsa ya kusa gogewa. Ya riƙe shi bai saki ba, ya ce, "Abu ɗaya nake so ka riƙe. Duk awon da ka yi da wannan kwanon, ka bi shi da tafi guda. Cikakken tafi. Ko kasuwa ta yi daɗi ko ba ta yi ba." Na ce to, Baffa. Na ɗauka wasiyyar kirki ce irin ta tsofaffi. Bai daɗe ba Allah ya yi masa rasuwa.

Na yi shekaru ina bin maganarsa. A cikin masu sayen da na gada daga wajensa, babu wadda ta kai Inna mai ƙosai. Babarbariya ce, doguwa, da zane a fuska, iyayenta suka zo da ita Kano tana goye. Tana suya da safe a wani lungu a Fagge, bayan Titin Ibrahim Taiwo, kuma da kaskon nan take riƙe da gida mai cike da jikoki. Duk bayan kwana biyu takan zo ta auni kwano biyar. Da yake mu asalinmu Fulani ne, ba ta taɓa kirana da sunana ba.

"Ɗan Fillo, tashi ka gaida uwargijiyarka. Ko nonon da ka sha ne ya danne ka?"

"Inna, ai ku ne bayinmu. Ina kwana."

"Ji bakinsa. Auna min, kuma ka cika shi. Ba ƙwaryar nono ba ce da za ka tsuga ruwa."

Idan na gama awo sai ta buɗe tafin hannunta na dama, ta ɗan lanƙwasa yatsu kamar mai tarar ruwa, ta girgiza shi a gabana. Alamarta ke nan ta neman gyara, ko da na riga na zuba. Sai in ƙara mata ƙwaya goma, mu yi dariya.

Sai rayuwa ta yi tsada. Ba sai na yi bayani ba, kowa ya ɗanɗana. Ka sayar da buhu da safe, ka je sari da yamma ka tarar kuɗin ba zai sayo maka wani ba. 'Yan layinmu suka fara janye hannu daga gyara, wasu suka daina gaba ɗaya. Na daure na wani lokaci. Daga baya na ce a raina, ai gyara kyauta ce, ba farilla ba. Na fara yin sau ɗaya a ƙarshen ciniki kamar kowa. Tafi ya koma rabin tafi. Rabin tafi ya koma abin da yatsu uku za su iya tsinkowa. Ina jin kunyar Baffa a raina, amma kunyar rowa ce kawai nake ji. Ban san akwai abin da ya fi rowa a ciki ba. Haka na yi wajen shekara uku.

A cikin wannan lokacin ne Inna ta fara ƙorafi.

"Ɗan Fillo, waken nan naka ya daina auki. A da kwano biyar yana kai ni kwana biyu har jikoki su samu na kalaci. Yanzu tun kafin rana ta ɗaga ƙullu ya ƙare."

Na ce mata wataƙila irin waken ne, na bana bai kai na bara ba. Wata rana kuma na ce ko ta duba mai injin markaɗe, don wasu suna rage ƙullu a cikin inji. Da zuciya ɗaya na faɗa. Ta je ta yi faɗa da mutumin da ya shekara goma yana yi mata markaɗe, ta koma wani inji mai nisa. Ta dawo tana ba ni labari, ni kuma ina gyaɗa kai.

Abin ya fito fili ne ranar da bakin tsohon kwanon ya tsage, ya fara yankar min yatsa. Na sayo sabo. Saboda halina, na ce bari in gwada su kafin in fara aiki da shi. Na cika tsohon ya yi tsororuwa, na juye a sabon. Bai cika ba. Na sake, bai cika ba. Na ce to sabon ne ya yi girma, an cuce ni. Na leƙa rumfar da ke jikin tawa, wajen Alhaja mai garin rogo da manja. Bayarbiya ce haifaffiyar Fagge, ta girme ni nesa, kuma Hausa a bakinta ta fi tawa.

"Alhaja, ara min kwanonki."

"Me ya samu naka? Ko ka fara awo da hula?"

Na juye waken tsohon kwano a nata, a gabanta. Nan ma bai cika ba. Ta dube ni, ta dubi kwanon, sai ta fashe da dariya har tana share ido da gefen mayafi.

"Kai Malam, tsakaninka da Allah yau ka sani? Kifa shi ka ga gindinsa."

Na kifa. Gindin ya lotsa ciki, an buga shi da kyau, an bi da fenti. Shekara da shekaru yana hannuna, kullum ina wanke shi, ban taɓa ɗaukar lotsawar a bakin komai ba sai tsufa.

Ta ce, "Kwanon Baffanka ai bugagge ne tun ina budurwa. Duk tsofaffin layin nan sun sani. Tsohon nan akwai dabara. Ya ɗauke da kwano, ya mayar da hannu, a tafi ana sa masa albarka, mu kuma a ce mana marowata."

Da ta ga fuskata sai ta daina dariya. Ta ce, "Amma fa yana mayarwa. Ban taɓa ganin ya hana ba, ko sau ɗaya. Ni na ɗauka ya gaya maka."

Na ɗebo wake cike da tafi na zuba a kan wanda ke cikin kwanonta. Ya cika daidai, har tsororuwa. Ko ƙwaya ba ta zuba ƙasa ba.

Ban iya yin ciniki ba ranar. Na zauna a kan buhu ina kallon hannuna. Ashe abin da Baffa yake bayarwa ba gyara ba ne, cikon awon mutane ne. Ashe ni ma duk shekarun da ake yabona ban taɓa ba wa kowa kyautar ƙwaya ɗaya ba. Kuma a shekaru ukun nan da na janye hannu, ba kyautata na hana ba, abin mutane na riƙe. Tun muna allo aka karantar da mu abin da ke jiran masu tauye awo. Ni da nake sake alwala saboda gwiwar hannu.

Bayan La'asar na tsaya wajen limamin ƙaramin masallacin da muke salla a kasuwa, na gaya masa komai, ban da sunan Baffa. Mutum ne mai sauƙin kai. Ya ce tunda ban sani ba, in sa rai Allah ba zai kama ni da niyyar cuta ba, amma abin mutane yana nan a wuyana. Waɗanda ban san inda suke ba, in yi sadaka da niyyarsu. Waɗanda na sani, in mayar musu.

Na ce, "Malam, akwai wata tsohuwa, ita ce ta fi kowa saye. Idan na riƙa cika mata gyara sosai, ba zai wadatar ba?"

Ya ce, "Ka san adadin abin da ka riƙe mata?"

Na ce ban sani ba, kuma ba zan iya sani ba.

Ya ce, "To ka ga. Ga kuma wahalar da ta sha a dalilin haka, wadda ba a aunawa da kwano. Ka kai mata abin da za ka iya, ka gaya mata gaskiya, ka roƙe ta ta yafe sauran. Kalma ɗaya ce daga bakinta, ka huta. Kada ka ja abin."

Na ja abin. Wannan shi ne laifin da ba zan iya ɗora wa Baffa ko kwano ko tsadar rayuwa ba.

Duk ranar da za ta zo, tun daga gida nake shirya maganar. Ina cikin adaidaita sahu ina maimaitawa. Amma da ta tsaya a gaban rumfa ta ce "Ɗan Fillo," sai in ɗauki kwano in fara awo. In ce mata me? In ce tsohon da take yi wa addu'a duk lokacin da ta tuna shi, kwanonsa bugagge ne? Inna ba ta iya magana a hankali ba. Kafin Azahar duk layi ya ji, kafin Magariba duk Fagge ta ji, har 'ya'yan Baffa da ke aure a unguwa. Kuma sai ta tuna da mai inji. Sai in ce bari sai jibi, yau akwai mutane.

Maimakon magana sai na koma zuba mata. Ina auna mata da sabon kwano cikakke, in bi kowane da tafi biyu, wani lokaci uku. Ranar farko ta tsaya tana kallona.

"Lafiya? Ɗan Fillo, ko aurena kake so? Gaya min tun da wuri in sa a yi min lalle."

"Inna, albarka nake nema."

"Albarka ka samu. Kai, jinin tsohon nan bai faɗi ƙasa ba. Alhaja, kina gani? Haka ake gyara, ba irin naku na ƙwaya uku ba."

Alhaja ta ci gaba da ƙulla manjanta. Bayan Inna ta tafi ta ce da ni, "Malam, gaya mata kawai. Tsohuwar nan zagi za ta yi maka na kwana biyu ta manta." Na ce in sha Allahu jibi.

Kowace albarka da ta sa min sai in ji kamar na ƙara ɗaukar wani abu nata. Tana karɓa a matsayin kyauta, tana godiya a kan abin da yake nata ne tun asali. Wata huɗu muna haka.

Sai ta daina zuwa. Kwana biyu, kwana huɗu, mako. Na ce ko ta yi tafiya. A mako na biyu na bi ta lungunsu da safe, na ga murhun babu wuta, an kife kasko a jikin bango. Wata mai sayar da koko a wajen ta ce min ai Inna ta faɗi a bakin kasko, ɓarin jikinta ya shanye, an kwana da ita asibiti an dawo da ita gida.

Washegari na ɗauki rabin buhun wake, mafi kyau da nake da shi, na sa a adaidaita sahu. 'Yarta ce ta yi min iso, babbar mace mai 'ya'ya, wadda ban taɓa gani ba sai ranar. Da ta ga buhun ta ce, "Kai ne Ɗan Fillo? Sannu da zuwa. Kullum Inna sai ta yi zancenka. Tana cewa duk Sabon Gari babu mai gyara irin naka."

Inna tana kwance a kan katifa a ƙasa, an jingina ta da matashi. Bakinta ya karkace. Idanunta dai suna nan yadda na san su, kuma ta gane ni. Na gaishe ta, ta motsa leɓe, sauti ya fito amma ba magana ba. 'Yar ta ce tun ranar da ta faɗi ba ta ce ko kalma ɗaya ba. Ta fita ɗebo min ruwa.

Na durƙusa kusa da katifar na faɗi komai. Maganar da na yi wata huɗu ina shiryawa ta fita cikin ɗan lokaci kaɗan. Na gaya mata kwanon bugagge ne. Na gaya mata tafin Baffa cikon awonta ne. Na gaya mata shekara uku ina riƙe mata wake, kuma mai inji bai taɓa ɗaukar mata komai ba. Na ce, "Inna, don Allah ki yafe min."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗago hannun da ke motsi, ta buɗe tafin, ta ɗan lanƙwasa yatsu, ta girgiza shi a gabana.

Ban san abin da take nufi ba. Ko wasanmu ta tuna, tana so in san komai ya wuce. Ko cewa take yi in kawo abin da na riƙe. Ko kuma ba ta fahimci ko ɗaya daga maganata ba, ta ga fuskar mai wake ne kawai hannunta ya yi abin da ya saba. Na kwance bakin buhu na ɗebo wake na zuba mata a tafin. Yatsun ba su iya riƙewa ba, waken ya zube a kan katifa da leda, yana gangarawa ƙarƙashin kujera.

'Yar ta shigo da ruwa ta tarar da ni ina tsincewa. Ta yi dariya ta ce, "Oh, Inna! Ko a kwance sai ta karɓi gyaranta." Na so in maimaita mata abin da na faɗa. Na dubi yaran da suka taru a bakin ƙofa suna leƙe, na sha ruwan, na yi sallama.

Na koma sau biyu. Duk biyun tana barci. Ba a yi wata guda ba ta rasu, na je jana'iza, na tsaya a sahun baya. Bayan arba'in 'yar ta kwashe yaran ta koma garin mijinta, aka sa wasu 'yan haya a ɗakin. Liman ya ce min in ci gaba da yi mata sadaka da addu'a, in kyautata zato, wataƙila hannun nan yafiya ce. Ina yi. Amma shi ma da na matsa masa, wataƙila ɗin dai ya sake cewa.

Mai injin yana nan. Nakan wuce ta gabansa idan zan tafi kasuwa. Bai san ni ba, kuma har yau ban tsaya ba.

Ina nan a rumfa ina awo da sabon kwano. Nakan kifa shi kowace safiya in shafa gindinsa, nakan kuma gwada shi da na Alhaja har ta fara ɓoye nata idan ta hango ni. Gyara ina yi, ɗan kaɗan, daidai ƙarfina. Idan mai saye ta ce Allah ya saka da alheri, sai in ce amin ciki-ciki, ina kallon kwano.

Tsohon kwanon yana ƙarƙashin tebur, na nannaɗe shi a buhu. Na so in jefar, sai na tuna masu tsintar ƙarfe za su ɗauka, wani ya saya ya gyara bakin ya ci gaba da awo da shi. Na so in huda shi da ƙusa, na ɗauko guduma, na kasa, don shi kaɗai ne abin da Baffa ya ba ni da hannunsa. Jiya ma da zan kulle rumfa na kai bakin titi, na dawo na duba ko yana nan.